Uwar da Ba Ta Rufa wa Ɗa Asiri

Na ƙetare gada tun rana ba ta yi ƙarfi ba,
kogi ya janye, ya bar tsibiran yashi.
Jika saba'in ke ƙulle a bakin gyalena,
kuɗin bincike, kowace dala sai an ba da shaidarta.

A Katako, bayan masu tsohon ƙarfe,
Assumana ya shimfiɗa mini uwaye uku a kan kwali.
Uwar allo muke ce mata a ɗakin gwaji,
faifan da ƙwaƙwalwar na'ura ke zama a cinyarsa
tana shan wuta kamar nono.

Ta fari sabuwa ce dal, da fitilu ja da shuɗi.
"Wannan samari ke rububinta," in ji shi.
Na juya ta, na karanta takardarta:
in ka rage wa ɗanta wuta, sai ta ƙara masa a ɓoye,
ta rubuto maka lambar da kake son gani.
Na san irin wannan uwa, unguwarmu akwai su,
ɗa ya fasa tulu, a ce iska ce.

Ta biyu daga wani ofis da aka rufe ta fito,
an garƙame ta tun daga masana'anta,
ba ragi, ba ƙari.
Me zan tambayi wadda aka ɗinke wa baki?

Ni kuwa aikina ragi ne.
In fara daga bolt ɗaya da ɗigo biyu, in sauko kaɗan,
in sa ƙwaƙwalwa ta ninka lamba da lamba sau miliyan,
in sake saukowa, kaɗan, ƙasa da kaɗan,
har in iso inda ba ta mutu ba amma ta fara ƙarya,
inda bakwai sau shida ya zama arba'in da uku
ba tare da ta ce uffan ba.
Damina biyu ke nan ina neman wannan gaɓa.

Babana mahaƙin rijiya ne a Adar, can bayan Tawa.
Bai taɓa tambayar igiya kyanta ba,
murza ta yake taƙi-taƙi, yana neman inda ta sile,
sannan ya dubi wanda zai riƙe ta a sama:
mutum ne da zai ce "saura kamu ɗaya"
in da gaske saura kamu ɗaya?
Na ƙasa ba ya gani, in ji shi,
da bakin na sama yake rayuwa.

Ta uku koriya ce, ta koɗe,
gizo-gizo ya yi saƙa a fankarta,
kusurwa ɗaya ta guntule.
Amma a gefenta ga ɗige-ɗigen jan ƙarfe biyar
kowane da sunansa, a buɗe,
wurin da tsinken ma'auni zai taɓa ya ji da kansa.

Wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba.
Muka roƙi injin mai walda, aka ja mana waya.
Na ce mata ɗaya da ɗigo ɗaya, ta ce ta ba shi,
na ɗora tsinke, ma'auni ya ce haka ne.
Na rage, ta rage. Ban ji ta yi wa ɗanta kara ba.

Assumana ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Malama, da kuɗinki kin zaɓi tsohuwa?"
Jika ashirin da biyar, ban taya ba,
ya rubuta mini rasit a bayan kwalin shayi.

Yanzu dare ya raba a Harobanda,
kwaɗin bakin kogi sun yi shiru, fanka kaɗai ke magana.
Lissafi yana fitowa daidai, daidai, daidai,
hannuna a kan maɓalli, idona a kan tsinke.

Saura kamu ɗaya, in ji ta.
Na yarda da ita. Na saki igiya.